Kwanuka a Ƙofar Adda Fibi

Rumde, Jimeta
Watan Maris

Absalom ƙanena,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya daji, yaya abokanka sojoji? Mu nan lafiya lau, sai zafin Yola da ya sa ko kaji sun daina yawo. Debbie tana gaishe da kawunta. Gogo ma ta aiko daga Yola Gari, ta ce in gaishe mata da ɗan wanta mai bindiga.

Nemi wuri ka zauna kafin ka karanta sauran. Za a yi mini aiki! Ƙarin nan da aka gani a hantata bara, wanda ya hana mu sakat ni da kai, ashe ana iya yanke shi. Akwai wani likitan fiɗa, Dakta Mu'tasim, da ke zuwa daga Kano lokaci-lokaci da mutanensa. Ya duba hoton cikina ya ce abin yana gefe guda, bai kai ga babbar jijiyar jini ba. Zai yanke wannan ɓangaren ya jefar, sauran hantar kuma ta tofo da kanta. Tofowa fa, Absalom, kamar zogalen bayan ɗakina da muke sarewa ya dawo! Na ce, "Likita, maimaita." Ya maimaita. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a ofishinsa ba, har nas ta leƙo ta ɗauka wata ce ta haihu.

Zai dawo a watan Yuli. Ya ce ƙarin yana girma a hankali, ba abin da za a yi ta ɗagawa ba ne. Ya kuma ce kafin ya dawo dole in shirya jikina sosai, in ba haka ba ba zai taɓa ni ba. Bayanin yana da tsawo, ga Ishaku direban motar abincinku yana ta danna mini hon a ƙofar gida kamar ni na ɓatar masa da lokaci. Tun da 'yan ta'addan nan suka ƙone muku ƙarfen sabis na waya na koma 'yar makaranta, kullum biro a hannu. Zan rubuto maka sauran a wasiƙa ta gaba.

Ka yi ta murna, ka gaya wa kowa a wajen. Allah ya tsare mini kai.

Addarka,
Fibi

Rumde, Jimeta
Watan Afrilu

Auta,

Ina fata kana lafiya. Ishaku bai leƙo ba, shi ya sa na ba Sammy ɗan cocinmu wannan, tunda hutunsa ya ƙare zai koma wajenku.

Ga shirin jikin da na ce maka. Kada ka yi dariya. An ce in rame.

Ni Fibi, da ake ce wa Gimbiyar Rumde, wadda mai keke ke cewa in zauna a tsakiya kada mu kife, ni aka ce in rage jiki. Dakta ya juyo da hoton ya nuna mini. Ya ce hantar mai lafiya ja ce mai ƙarfi, tawa kuwa ta yi fari-fari da kitse. Ya tambaye ni sana'ata, na ce ɗinki. Ya ce, "To Madam, kin san bambancin ɗinka sabon yadi da ɗinka tsohon zanen da ya sha wanki?" Na ce wa zai gaya mini, tsoho kana sa allura yana yagewa. Ya ce haka hanta mai kitse take a hannun mai fiɗa, tana yagewa, tana zubar da jini da yawa. Kuma ragowar da za a bar mini ita ce za ta riƙe ni har ta tofo. In kitse ya cika ta, tofowar tana jinkiri, wani lokaci ma ta gaza aikin gaba ɗaya.

Bai tsaya nan ba. Ya ce ciwon sugan da nake wasa da shi, in sha magani yau in manta gobe, shi ke hana ciwo warkewa, ya jawo ruɓa a wurin ɗinki. Ƙibar kuma tana sa a sha wuya kafin a kai ga hantar, bayan aiki numfashi ya yi nauyi, jini ya daskare a ƙafa. Ya ce ukun nan tare suke tafiya, in na kori ɗaya sauran za su ragu. Daɗin abin, ba sai na koma kamar kara ba. Ko kashi ɗaya cikin goma na nauyina na zubar, kitsen hantar zai ja da baya sosai.

Sai ka gan ni yanzu! Na sallami lemon kwalba, na yi ban kwana da masa, kunun gyaɗa kuwa muna gaisawa daga nesa. Tuwo ɗan dunƙule, ganye cike da kwano: zogale, rama, yakuwa, har Debbie ta ce ta ji ina kukan akuya. Kifi gasasshe, wake, ruwa. Da safe kafin rana ta yi ƙarfi ina tafiya da ƙafa daga Rumde har bakin gada in dawo. Ranar farko sai da na zauna a dakalin wani mai faci ina haki, ina zagin likita a zuciyata. Yanzu kuwa ina wuce 'yan mata a hanya.

Kuma abin yana ci! Rigata ta zumuntar mata sai da na kama ta a gefe da gefe. Ka san ni da kama rigunan mutane, amma tawa tun da aka haifi Debbie ƙari kawai nake yi mata. Ina taka keken ɗinkin ina waƙa. Na kwana biyu ban ji daɗi irin wannan ba.

Ka kula da kanka, ka riƙa sa hular ƙarfen nan ko da zafi.

Fibi

Arewacin Borno
Watan Mayu

Adda Fibi,

Na gaishe ki da kyau, da Debbie. Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu da ni.

Wasiƙarki ta Maris ta zo, na karanta wa duk 'yan ɗakinmu, har da wanda ba ya jin Hausa. Mun yi murna. Amma kin ce za ki rubuto sauran bayani, shiru har yau. Yanzu kuma Ishaku ya dawo da maganar da ta tsinka mini zuciya.

Ya ce suna cikin jerin motoci, ba damar tsayawa, ya hango ki wajen gada kina tafiya da ƙafa, gumi sharkaf. Ya ce da kyar ya gane ki, wuyanki ya fito, zane yana yawo a jikinki. Adda, ke da ko shagon Malam Suhaib ba kya zuwa sai a keke? Me ya kai ki gada a ƙafa? Ciwon ne yake cin ki, ko kuwa kina hana cikinki ne saboda hidimar asibiti kika ɓoye mini?

Ke da kanki kika rubuta cewa likita ya ce ki shirya jikinki sosai. Wane shiri ke nan mutum yana zubewa? A nan in za mu fita aiki mai nauyi, abinci ake fara ƙara mana. Yaya za a sa wa mutum wuƙa ba ƙarfi a jikinsa, ba jini? Don Allah ki ci. Ki sha madara, ki ci nama. Ke kika goya ni bayan rasuwar Mama, ba ni da wata sai ke.

Ƙanenki,
Absalom

Arewacin Borno
Watan Mayu

Gogo,

Ina gaisuwa da ladabi. Yaya ƙafa, yaya su Bobboyi da yara? Nahla, ki karanta wa kakarki wannan a hankali, kada ki tsallake komai.

Gogo, Adda Fibi tana ramewa, ga aikin hanta a gabanta. Ina nesa, ba abin da zan iya. Ke ce uwarmu yanzu. Kin tuna shekarar da aka gudo daga Mubi da Michika, yadda Adda ta cika gidanta da mutane har shagon ɗinki, Kirista da Musulmi, ke da ita kuna dafa musu a tukunyar biki? Da yawansu suna nan Jimeta, sun kafu. Kin san gidajensu. Ki gaya musu wadda ta ciyar da su tana bukatar ci. Kowa ya kai abin da zai iya, mai maiƙo, mai sa jini.

Abu ɗaya: kin san halinta, ta iya bayarwa, ba ta iya karɓa ba. Za ta ce ta ƙoshi. Za ta ce ba ta so. Har tana iya cewa likita ne ya hana, don dai kada a ce ta ɗora wa wani nauyi. Kada ku saurare ta. Ku zauna har sai ta cinye a gabanku. Kuma kada ta ji cewa daga wajena maganar ta fito.

Ɗanki,
Absalom

Rumde, Jimeta
Watan Yuni

Absalom,

Lafiyarmu lau, ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi. Wasiƙarka ta sa ni dariya har da hawaye. Kai da Ishaku ku kwantar da hankalinku, likita ne ya sa ni ramewa da tafiyar ƙafa. Na san yanzu Sammy ya kawo maka bayanin, ka ji kunya.

Bari in ba ka labarin abin mamaki. Ban san ana ƙaunata haka a garin nan ba! Wata safiya ina dawowa daga gada na tarar da Gogo a ƙofar gida, ta taso tun daga Yola Gari da ƙwaryar fura da nono, man shanu yana yawo a kai. Ban gama gaishe ta ba sai ga Maman Tracy, wadda ta haihu a shagona lokacin gudu, da farfesun kayan ciki. Sai ga Malam Suhaib mai shayi da gwangwanayen madara da malt. Tun daga ranar ƙofata ba ta huta ba. Daga Gwadabawa, daga Damilu, har wata daga hanyar Numan da ban gan ta ba tun shekarar da suka koma. Masa, alkaki, dakuwa, tuwon shinkafa da miyar taushe. Wani tsoho ɗan Michika kullum sai ya kawo gasasshiyar hanta da kitse, wai hanta ce maganin hanta. Kwanuka a tsakar gida kamar ana sallar Kirsimeti da babbar salla rana ɗaya.

Na yi musu bayani, wallahi na yi. Na ce likita ya hana. Sai su kalli juna su yi murmushi, kamar sun san zan faɗi haka. Gogo ta shimfiɗa tabarmarta ta miƙe ƙafa ta ce da Hausarta ta Fulani da ba ta raba mace da namiji, "Ɓingel am, ɗana, kai bai ci ba, ni bai tashi ba. Likita ne ya haife ka?" Na ce suga, Gogo. Ta ce, "Ba suga a ciki, zuma ne." Na ce zuma ma suga ce. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin wannan saɓon ba.

Kai ka faɗa mini, yaya zan yi? Ƙanwar Baba ce, ta hau keke da ciwon ƙafa ta zo. Maman Tracy kuwa da na tura kwanonta gefe sai ta fashe da kuka, ta ce ashe abincin 'yan gudun hijira bai kai in ci ba. Nan take na jawo kwanon. In na ce zan ajiye sai anjima, su ce ba sa sauri. Kuma tsakani da Allah, Auta, kada in ɗora musu duka: farfesun Maman Tracy ba abin da mutum zai kalla ya kau da kai ba ne. Wata uku ina cin ganye, cokalin farko sai da na lumshe ido.

Tafiyar gada ta tsaya, tunda baƙi suna riga ni tashi. Rigar zumunta ta fara matse ni, amma ba sosai ba. Na yanke shawara in ya rage kwana kaɗan likita ya zo, zan yi azumi mai tsanani, suga ya sauka, shi ke nan. Yuli ta kusa! Na riga na ɗinka rigar da zan sa ranar da za a sallame ni, shuɗiya mai fure.

Addarka da ake ji da ita,
Fibi

Rumde, Jimeta
Watan Yuli

Absalom,

Muna lafiya. Ba a yi aikin ba.

Na yi azumina, na je da ƙarfin gwiwa. Ashe akwai wani gwajin jini da ke tona asirin sugan wata uku baya, ba ruwansa da azumin jiya. Nawa ya hau fiye da na farko. Aka sake ɗaukar hoto, kitsen ya koma inda yake. Dakta Mu'tasim ya cire tabarau ya ce, "Madam, in na buɗe ki a haka, ina tsoron jinin da za ki zubar, ina kuma tsoron ragowar hantar ba za ta ɗauke ki ba. Ba zan yi ba." Ya ce ƙarin ya matso kusa da jijiyar, abin da ya rage bai fi faɗin yatsa ba. Zai dawo a Oktoba. In ya tarar ya taɓa ta, aikin ya fi ƙarfin abin da za a yi a nan.

Gogo ce ta raka ni, da fulas ɗin kunu a jaka wai in sha kafin a shiga da ni. Ta ce wa likita, "Yaro, mu mun yi ƙoƙari, kullum yana ci, duba yadda ya murmure." Likita ya dube ni, ya dube ta, ya jawo kujera ya zauna a gabanta ya yi mata bayani da Fulatanci tun daga farko. Ina kallon fuskar tsohuwar nan tana canjawa. Da ya gama sai ta ɗora hannu a ka ta ce, "Absalom ne ya ce! Ya ce ko Fibi ya ce likita ya hana, kada mu yarda!"

Ashe kai ne. Ina ta rawar kai ana ƙaunata, ashe daga daji aka ba da oda.

Na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Na shiga shago na rufe ƙofa na yi kuka, na yi ta kiran sunanka ina faɗa kamar kana tsaye a gabana. Ka mai da ni maƙaryaciya a bakin mutanena tun kafin in buɗe baki. Ina tsoro, Auta. Tun da aka fara maganar nan, yau ne karo na farko da na kalli Debbie na ji tsoro na gaske.

Fibi

Arewacin Borno
Watan Agusta

Adda,

Ban san da wane baki zan gaishe ki ba.

Hanya ta rufe mana tun farkon damina, sai jiya Ishaku ya iso da wasiƙunki biyu. A cikin buhun kuma ga ta Afrilu. Ashe Sammy bai iso nan ba, an karkatar da su wani gari tun a hanya, takardar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. Na jera su uku a kan gwiwata na karanta bi da bi. Da na kai inda kika ce kina taka keken ɗinki kina waƙa, na kasa ci gaba.

Ni a sanina mai ciwo ci yake bukata. Haka muka taso muka gani. Na ji an ce kin rame, hankalina ya tashi, ban tsaya tambaya ba. Na nemi fas in zo, an hana, ba wanda zai fita sai bayan damina.

Ki yafe mini. Ki gaya wa Gogo na janye maganata, duk abin da likita ya ce shi ne oda. Adda, ki koma gada. In kin gaji a hanya ki zage ni, ki ƙara taku. Ni dai a yi aikin nan a Oktoba.

Absalom

Rumde, Jimeta
Watan Satumba

Auta sarkin oda,

Na yafe, tun kafin takardarka ta zo. Share hawayenka kada yaranka sojoji su gani. Muna lafiya, kuma ina da labari!

Gogo ba ta jira janyewarka ba. Washegarin ranar asibiti ta tattaro tabarma da buta da carbi ta tare a gidana. Ta kafa kujera a bakin ƙofa. Soja ma bai kai ta tsare geti ba. Duk mai kwano sai ta buɗe ta leƙa. In ganye ne ya wuce, in maiƙo ne ta ce, "Use, mun gode, koma da shi." Ni kaina ta kama ni da ƙosai ɗaya a aljihu, ɗaya tak, ta bi ni da carbi har bayan gida.

Amma mutane sun ji ciwo. Maman Tracy ta daina gaishe ni a coci. Tsohon nan mai hanta ya ce shi bai taɓa ganin inda aka mai da alheri ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don da zuciya ɗaya suka yi.

Sai ranar da muka koma awo, nas ta ce ko kitsen ya ragu, aikin hanta yana cin jini, dole dangi su tanadi masu bayarwa tun da wuri. Na ce dangina soja ɗaya ne yana daji, sai yarinya, sai tsohuwa. Gogo ta ɗauki sandarta muka fito. Muna dawowa ta aika Nahla gida-gida ta tara masu kwanukan nan a tsakar gidana. Ta miƙe da sandarta ta ce, "Ku kun ce kuna so ku sa masa jini, ko? To jinin ake so. Ba na kwano ba, na hannu."

Aka yi ta kallon juna. Ka san mutanenmu da tsoron ba da jini, wani ya ce ƙarfin namiji yana tafiya, wata ta ce ba ya dawowa. Sai Maman Tracy ta tashi ta naɗe hannun riga ta ce, "A shagonta na zubar da nawa, ita ta wanke. A fara da ni." Absalom, ranar da aka sa, sai da keke ya yi ta sawu! Malam Suhaib yana ganin allura ya sume, ya farfaɗo ya ce a ci gaba. Gogo ta miƙa nata hannun aka ce shekarunta sun wuce, ta yi ta masifa da Fulatanci har aka ba ta kujera. Waɗanda jininsu bai dace da nawa ba aka ce za a ajiye wa wasu a musanya, kuma duk za su sake zuwa dab da ranar aiki.

Yanzu ba ni kaɗai nake zuwa gada ba. Mata sun fi goma suna bi na, masu gyale da masu hijabi, muna tafe muna hira, masu keke suna tambaya ko zanga-zanga ce. Suga ya sauka. Rigar zumunta na kama ta sau biyu. Shuɗiyar rigar sallama ma sai da na sake yanka ta.

Ka yi mini addu'a. Oktoba ce ko babu.

Fibi

Gadon asibiti, Yola
Watan Oktoba

Absalom ƙanena,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina raye! An yi, an gama, an cire!

Dakta Mu'tasim ya ce da ya buɗe ya ga hantar ta yi ja, ta yi ƙarfi, ta karɓi ɗinki. Ƙarin kuwa ya kusa jijiyar har sai da ya yi ta lallaɓawa. A wajen raba su jini ya ɓalle, aka yi ta ɗauko leda bayan leda. Ya ce da a Yuli ne, da waccan hantar, bai san abin da zai gaya wa Gogo ba. Na kama hannunsa kawai.

Wurin ɗinkin ya bushe lafiya, ba ruɓa. Na duba aikin nasa da idon sana'a, layin ya ɗan karkace a ƙasa, amma na bar shi. Tun washegari suka tashe ni tafiya a baranda don kada jini ya daskare, nas tana mamakin yadda nake ɗaga ƙafa. Na ce yarinya, ni 'yar gada ce. Likita ya ce hantar ta fara tofowa, amma kitse yana nan yana jiran in yi sake, don haka ni da ganye har abada.

Yanzu a jikina akwai jinin Mubi, akwai na Michika, akwai na mai shayi. Gogo ta ce shi ya sa na farka ina neman ruwan zafi. Jiya duk suka zo dubiya hannu wofi, suna tsaye suna murza yatsu, don a garin nan ba a taɓa zuwa gaida mara lafiya ba kwano ba. Na kalle su, sai hawaye.

Saura hukuncinka. Gogo ta yanke, jama'a sun amince. Duk kwanon da aka mayar daga ƙofata, ba a yafe shi ba, ajiye shi aka yi. Ranar da ka dawo za a kawo su gaba ɗaya: furar Gogo da man shanu, farfesun Maman Tracy, madarar Malam Suhaib, hantar tsoho da kitsenta. Za a shimfiɗa maka tabarma a tsakar gida, mu kewaye ka. In ka ce ka ƙoshi, ba mai saurarenka. In ka ce likita ya hana, mun san wannan. Ba mai tashi sai ka cinye.

In ka iso ka ga wata 'yar siririya a shuɗiyar riga a bakin ƙofa, kada ka tambaye ta ina Fibi.

Na yi nawa, Auta. An ce in rayu, na bi oda. Yanzu ga tawa: ka sa hular ƙarfen nan, ka sunkuyar da kai in ana harbi, ka dawo mini da ƙafafunka. Mutane sun fi talatin suna jiranka da abinci, kada ka bari ya huce.

Addarka,
Fibi